Motar Yaya Ba Ta Ga Dama Ba

Har gobe in na ji mota a bakin hanya, mai ita yana murɗa makulli, inji yana juyawa yana juyawa ya ƙi kamawa, sai in ji kafaɗuna sun yi nauyi. Jikokina sun ɗauka tsufa ne. Ba tsufa ba ne. Gajiyar wani yini ce da har yanzu ban gama sauke ta ba.

A shekarun farko na samun mulkin kai, gida ɗaya muke zaune da yayana a Malumfashi, shi da iyalinsa a ciki, ni a shagon ƙofar gida da keken ɗinkina. Ɗinki ne sana'ata, kowa Tela yake kirana, har shi Yaya. Shi kuwa noma yake yi a gonarmu ta gado da ke Gozaki, yana ɗan taɓa awon gyaɗa da kaka. Wata shekara da amfani ya yi kyau, sai ya sayo wata baƙar mota a hannun wani akawu da aka ɗauke shi daga Funtua. Tsohuwa ce tun ranar da ta zo. Ƙofar baya ɗaya da igiya ake ɗaure ta, kujerar direba kuwa sai da na ɗinka mata matashi. Amma injin nan Yaya yana lallaɓa shi kamar jinjiri, kuma shi ya koya mini tuƙi a filin bayan kasuwa.

A wancan zamani motocin garin ba su da yawa, don haka wanda ya sayi mota dangi da unguwa ya saya wa. Mai naƙuda, mai ƙara a kotu, mai kai amarya, mai son a gan shi a mota kawai, duk ƙofar gidanmu suke yo wa sammako. Yaya kuwa bai iya cewa a'a ba. In ka roƙe shi abu sai ya sunkuyar da kai kamar shi ne ya zo roƙo.

A cikin masu aron nan babu kamar Kawu, wan mahaifiyarmu, mutumin Dayi. Shi ya riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya yi wa Yaya aure, shi ya kai ni koyon ɗinki. Mutumin kirki ne ƙwarai, sai dai bai san mota tana gajiya ba. A wurinsa jaki ce da ba ta cin harawa. Ya taɓa sa mu kai shi suna, ya cusa mutane a baya har wasu kan cinyar wasu, ya ɗora buhun dawa da rago a kai, muka dawo da karyayyen sifirin. Motar ta daɗe a kan duwatsu kafin a samo wani daga Zariya.

Bayan wannan ne motar ta koyi wani hali. In an zo da mara lafiya, ko mace ta kasa haihuwa, taɓawa ɗaya take tashi. In biki ne ko yawon gaisuwa, sai ta ƙi. 'Yan unguwa har tsokana suke yi, wai aljanin da ke cikinta ustazu ne, ba ya son kalangu. Kawu yakan iso da babbar riga, Yaya ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "To, Kawu, bari mu gani ko ta ga dama." Sai ya miƙo mini makulli, ni in shiga in yi ta murɗawa, shi ya buɗe gaban motar ya sunkuya yana girgiza kai. A zuƙi mai, a wanke wannan, a gasa wancan, har rana ta take, Kawu ya gaji ya tafi tasha ya nemi babbar mota. Da yamma Yaya ya sake sunkuyawa shi kaɗai, ya ɗan taɓa wani abu, ta tashi garau.

Ni dai na yarda sanyin safiya ne yake kama ta. A irin waɗannan ranaku na koyi duk abin da na sani na gyara: yadda ake duba mai, yadda ake wanke kafireta, yadda ake kwance filogi. Abu ɗaya Yaya ya hana ni. Akwai wani ɗan baƙin kwano a gefen inji, wanda wayoyin filogi suke fitowa daga kansa. Ya ce, "Nan ɓangaren wuta ne, Tela, ba naka ba ne. Ta taɓa jefar da wani a Funtua." Ni da allura ma in ta soke ni sai na yi tsaki, me zai kai ni taɓa wuta? Ban taɓa ba.

Da kakar wata shekara, bayan an yanke dawa, Kawu ya aiko cewa zai zo a kai shi ɗaurin aure Funtua tare da mutanensa. Ana gobe zai zo, Yaya ya ɗaure 'yar jakarsa a bayan keke, ya ce zai je Gozaki ya ga ɗaurin dawa, zai kwana can. Ya bar mini makulli. Ya ce, "In Kawu ya zo ka gwada masa. In ta ƙi, kada ka wahalar da kanka."

Kawu ya iso da safe, na shimfiɗa masa tabarma a gindin darbejiya, na gwada sau ɗaya ko biyu, ta ƙi. Na ba shi haƙuri na koma kan keken ɗinki, domin akwai rigar da mai ita ya dame ni da sintiri. Shi kuma ya zauna yana jiran rana ta ɗan ɗumama ta.

Hantsi ya ɗaga sai ga wani mutum ya shigo layinmu a kan keken Yaya. Maƙwabcin gonarmu ne, Bamaguje, iyakar gona ɗaya muke da su tun kakanni, kuma shi ne babban aminin Yaya a can. Ganin keken Yaya a ƙarƙashin wani ya sa na san ba lafiya ba tun kafin ya buɗe baki. Ya sauka yana haki, bai ko gaida Kawu yadda ya kamata ba.

Ya ce, "Tela, igiyar ƙasa ta taɓa yayanka. Da sassafe, ya ɗaga dami, tana ƙarƙashi."

Mutanenmu ba sa kiran sunan maciji in ya yi sara, sai a ce igiyar ƙasa. Kawu ne ya tambaya ƙasa-ƙasa wace iri ce. Mutumin ya ce kububuwa, a hannun dama. Ya ce mai maganin gargajiya yana kansa, amma Yaya da bakinsa ya ce a gaya wa Tela ya kawo mota a kai shi asibiti.

Duk mun san kububuwa. Ba ta kayar da mutum nan take, sai ta bar shi yana magana yana cin abinci, sannan jini ya fara fita ta inda bai kamata ba. Wanda aka kai asibiti da wuri yakan tashi. Wanda aka makara da shi, sai dai addu'a.

Kawu ya miƙe ya ce, "Tashe ta, ɗana. Wannan kam ba za ta ƙi ba."

Ni ma haka na ɗauka. Na shiga na yi bisimilla na murɗa makulli. Injin ya juya da ƙarfinsa, batir lafiya lau, amma bai kama ba. Na ja cok don ta ƙara shan mai, na taka totur, na sake murɗawa. Haka dai. Warin fetur ya cika motar, na tuna Yaya yakan ce in ta sha mai da yawa a bar ta ta huta. Na sauko na tsaya ina kallonta, kowa yana kallona. Jiran nan ya fi murɗawar wuya.

Kawu ya tura wani maƙwabci gidan hakimi ko za a samu aron tasu motar. Ya dawo ya ce tana Katsina. Manyan motocin tasha duk sun fita cin kasuwa tun asuba, saura ɗaya da ke kan jak an cire mata ƙafa. Babu wanda hankalinsa ya tashi sosai da jin haka, domin ga tamu a gabanmu, kuma kowa ya san ba ta taɓa ƙin mara lafiya ba.

Na fara bi ɗaya bayan ɗaya kamar yadda na saba gani. Na zura kara a tanki, ya fito jiƙe. Duk da haka na ɗauko garwar fetur da Yaya yake ɓoyewa a zaure na ƙara mata. Na kwance tiyon da ke kai mai, na sa baki na zuƙa, fetur ya cika mini baki har maƙogwaro, na tofar ina tari. Mai yana zuwa. Na kwance kafireta na wanke 'yar tasar da ke ƙarƙashi, na hura 'yan ƙofofin da famfon keke, na mayar. Na ɗiga fetur a bakinta da murfin kwalba, na shiga na murɗa. Ta juya, ta juya, ta juya, ba ta ko yi tari ba.

Na kwance filogi duka, na same su jiƙe sharkaf da mai. Na leƙa zaure na ce a kawo mini garwashi. Matar Yaya ce ta miƙo kaskon wuta daga bayan ƙofa, ban ga fuskarta ba, hannunta kawai na gani. Da ni da ita kullum cikin tsokana muke, takan ce mini telan da bai iya ɗinke bakinsa ba. Ranar ba ta ce komai ba sai, "Tela, za ta tashi?" Na ce za ta tashi. Na gasa filogin nan har suka bushe, na kankare bakinsu da reza, na ɗaura da zafinsu, yatsuna suna ƙuna. Na murɗa. Babu.

Wani ya ce a tura. Mazan unguwa suka taru, Kawu ya tuɓe babbar rigarsa ya ninke ya ajiye a tabarma, tsoho da shi ya sa kafaɗa. Na ce ya bari, ya ce in rufe masa baki in riƙe sitiyari. Muka gangara da ita wajen kasuwa, na sa giya na saki kuloci, ta yi tirjiya ta ja ƙafa ta tsaya. Aka sake. Aka sake. Har muka kai ƙarshen gangara inda babu sauran wurin turawa, sannan muka juyo da ita muka hauro tudu zuwa ƙofar gida, domin kayan aiki suna can. Hawan nan ya kashe wa kowa jiki. Wasu suka zame suka koma harkokinsu, ban ga laifinsu ba.

Kafin rana ta take batir ya fara sanyi, juyin injin ya koma kamar nishin mara lafiya. Na ɗauko hendil, ƙarfen da ake zurawa ta gaba a juya inji da hannu. Na juya har kafaɗata ta mutu, maƙwabcin gonarmu ya karɓa, ya gaji ya miƙo mini. Na zagi motar nan, Allah ya yafe mini, zagin da ban taɓa yi wa ɗan Adam ba. Na roƙe ta kuma, a hankali, yadda ba wanda zai ji. Abin ya zama kamar taka keken ɗinki babu kwarkwaro a ciki, allura tana hawa tana sauka, ƙafa tana gajiya, ba ɗinki.

Aka kira azahar. Kawu ya ɗauki butarsa yana ɗingishi, ya ce su je su kai kuka inda ake jin kuka, sauran mazan suka bi shi masallaci. Na ce ina zuwa, amma ban iya tashi daga kan dutsen da na zauna ba. Maƙwabcin gonarmu ban ma lura da tafiyarsa ba, sai ganinsa na yi ya dawo da direban babbar motar nan da ke kan jak a tasha, wani dogo mai jan ido, yana goge hannu da tsumma.

Direban ya tambaye ni abin da na yi, na lissafa masa. Ya ce, "Duk mai ka bi. Wuta fa?" Na ce wuta ba a taɓa ta. Ya zare wayar filogi ɗaya ya riƙe ta kusa da jikin inji, ya ce in juya hendil. Na juya da sauran ƙarfina. Ya ce ko ƙyas babu. Sai ya kai hannu kan ɗan baƙin kwanon nan da aka hana ni, ya ɓalle maƙalai biyu da babban yatsa, ya ɗaga murfin. Wuta ba ta jefar da shi ba. Ya leƙa, ya ɗago.

Ya ce, "Malam, ina rotar?"

Na ce mece ce rota.

Ya nuna mini wani ɗan sandan ƙarfe tsirara a tsakiyar kwanon. Ya ce a kansa ake kifa wani ɗan abu, shi yake juyawa yana raba wa filogi wuta. In babu shi, ko shekara za a yi ana murɗawa ba za ta tashi ba. Ya ce ba ya faɗuwa da kansa, cire shi ake yi. Su ma direbobi suna cirewa in za su kwana a baƙon gari, saboda ɓarayi. Na ce yaya kamarsa take. Ya ce baƙi ne, bai kai tsawon yatsa ba, da ɗan jan ƙarfe a bayansa.

Daga bayan ƙofar zaure muryar matar Yaya ta fito. Ashe tana tsaye a wurin tun ɗazu.

Ta ce, "Tela, mai ɗan rami a ƙasa?"

Direban ya ce shi ne.

Ta ce, "Yana aljihun yayanka. Nakan gan shi in zan yi wanki, wani lokaci yana nan, wani lokaci babu. Na ɗauka laya ce, ban taɓa tambaya ba. Jiya da zai fita na ga ya sa shi tare da goro."

Na koma kan dutsen na zauna. Duk safiyoyin nan suka dawo mini, Kawu a tabarma, ni da fetur a baki, Yaya a sunkuye yana girgiza kai. Ashe babu sanyi, babu aljani. Mutum ne da bai iya duban idon wanda ya rene shi ya ce a'a ba, sai ya bar mota ta faɗa masa. Ni kuma ya bar ni cikin duhu domin ya san bakina, da na sani da tuni fuskata ta tona. Wallahi na ji haushin Yaya a lokacin nan, haushi mai tsanani, har na manta ɗan lokaci cewa yana kwance. Da na tuna kuma sai tsoro ya danne haushin.

Direban ya ce ta motarsa ba za ta shiga ba, kuma irin wannan tsohuwa sai Funtua ko Zariya, in ma an dace. Ya ce, "Yau kam sai ta aljihun nan." Na roƙe shi ya mayar da murfin, in tsohon nan ya tambaya ya ce wani abu ne ya ƙone a ɓangaren wuta. Ya dubi tabarma da babbar rigar da ke ninke a kai, ya gane, ya ce to. Na juya wajen zaure na ce wa matar Yaya ita ma ba ta ji komai ba. Ta ce ba ta ji ba.

Na ɗauki keken Yaya. Dabarata ita ce in je in karɓo abin, in dawo, in tashi mota, in sake komawa. Ko a lokacin na san dabara ce ta wanda ba shi da wata. Maƙwabcin gonarmu ya ce in tafi, zai biyo ni da ƙafa.

Hanyar Gozaki ba ta da daɗi ko ga mai ƙarfi, balle wanda ya yini yana juya hendil bai sa komai a cikinsa ba sai fetur. Inda yashi ya yi yawa in sauka in tura, inda rafi ya yanke hanya in saɓa keken a kafaɗa. Gonaki duk an yanke, kara a kwance, auduga ta fashe fari fat, mata suna tsinka suna mini sannu ina wucewa ban amsa ba. Gyatsa nake yi tana fitowa da warin mai. A gindin wata tsamiya na tsaya na yi azahar a makare, da na yi sujada sai da na yi da gaske kafin in ɗago.

La'asar ta yi sanyi lokacin da na isa. An kwantar da Yaya a rumfar gidan maƙwabcin namu, matan gidan suna zaune nesa kaɗan sun yi jugum. Hannun ya kumbura har kafaɗa. Inda mai magani ya yi tsaga jini yana ta tsattsafowa ya ƙi tsayawa, kuma da ya buɗe baki zai yi mini magana na ga haƙoransa sun yi ja. Amma hankalinsa yana nan sarai. Ya dubi bayana, bai ga mota ba, bai kuma yi mamaki ba. Ya buɗe hannun hagu. Ga abin nan a tafinsa, baƙi, ɗan mitsitsi.

Ya ce, "Bayan maƙwabcinmu ya tafi da keken na sa hannu aljihu zan ɗauko goro."

Na ce, "Yaya, don me ba ka aiko wani da ƙafa ba? Da yanzu kana asibiti."

Ya ce, "Na yi niyya. Sai na tuna Kawu yana zaune a ƙofar gida, a gabansa za a miƙa maka. Kuma da safe abin bai yi tsanani ba, na ce maganin nan zai riƙe ni."

Maganar da ke bakina ba ta gaya wa mara lafiya ba ce. Na karɓi abin na jefa aljihu, na miƙe na ce zan koma in kawo mota. Duk da gajiyar, da na tafi. Sai ya kama bakin rigata da hannun hagun nan ya riƙe.

Ya ce, "Zauna, Tela. Kafin ka je ka dawo da nisa."

Na dubi tsohon mai maganin da ke tsugune a gefe. Ya kawar da kai ya dubi ƙasa. Na zauna.

Wata tsohuwa ta kawo mini kunu a ƙwarya, na sha don kada in faɗi. Yaya yana kallona. Can ya ce, "Ka sha fetur?" Na ce na sha. Ya ce, "Ka gasa filogi?" Na ce na gasa, mun tura har kasuwa, har Kawu ya tuɓe riga ya tura. Ya rufe ido da jin haka, ya daɗe bai buɗe ba. Sannan ya ce in yafe masa wahalar da ya daɗe yana ba ni. Na ce babu komai, ni ma ya yafe mini. Da gaske nake, amma haushin bai gama fita ba, kuma ina jin ya sani.

Ya ce, "Kawu ya gani?"

Na ce bai gani ba.

Ya ce, "Kada ya sani. Zai ga kamar na gaji da shi ne. Ban gaji da shi ba, motar ce ba za ta iya ba."

Na ce ba zai sani ba. Daga nan maganarsa ta koma kan dawa, wadda aka ɗaure da wadda ba a ɗaure ba, da rabon maƙwabcin da ya taya shi yanka. Sai ta fara sarƙewa. Na yi ta maimaita masa kalmar shahada yana bi. Rana tana gab da faɗuwa ya cika, hannunsa yana riƙe da rigata.

Washegari da safe muka binne shi a Gozaki kusa da mahaifinmu. Zaman makoki a Malumfashi aka yi, a ƙofar gida, motar tana tsaye inda muka bar ta, kaskon garwashi ma yana ƙarƙashinta ba wanda ya ɗauke. Duk wanda ya zo gaisuwa sai Kawu ya nuna masa ita ya ba shi labari daga farko. Yakan ce, "Motar da ta kai matan mutane haihuwa, ta kai yaran mutane asibiti, ranar mai ita sai ta ƙi. Da hannuna na tura ta." Sai ya juyo gare ni ya ce, "Ko ba haka ba, ɗana?" In ce haka ne, Kawu. Abin yana aljihuna, ina jin tudunsa a cinyata duk lokacin da na durƙusa amsa gaisuwa.

Bayan sadakar uku Kawu ya yi shirin komawa Dayi. Gwiwoyinsa sun kumbura tun ranar turin nan, da sanda yake tashi. Ya ce a kai masa jakarsa tasha zai jira babbar mota. Tunda nake da shi, ranar ce ta farko da ya zo tafiya bai dubi motar ba.

Na ce, "Kawu, bari in gwada."

Ya ce in bar wahalar da kaina. Na ce gwaji ne kawai. Na buɗe gaban motar, na sunkuya na ba shi baya yadda Yaya yake yi, na ɗan taɓa nan na taɓa can. Na ɓalle maƙalan nan biyu, na kifa abin a kan sandansa, ya zauna daram, na mayar da murfi. Batir ya riga ya mutu, sai na buɗe makulli na zagayo na zura hendil.

Juyi ɗaya ta tashi. Ta kama garau, lafiyayyen sauti, ba tari ba gargada, har ƙofar da ake ɗaurewa da igiya tana kaɗawa.

Kawu ya tsaya dafe da sandarsa yana kallonta. Ya ce, "Ikon Allah. Yau ta ga dama."

Daga cikin gida matar Yaya, wadda tun rasuwar ba wanda ya ji muryarta, ta ji ƙarar injin da ta saba ji in mijinta ya dawo, sai kukanta ya fito har waje. Na zare hendil na jefa a baya, na buɗe wa Kawu ƙofar gaba.

Na ce, "Ta ga dama, Kawu. Shiga mu tafi."